Cire ƙuraje da tabo a hoto: me za a taɓa, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ce a Aboabo, nan Kumasi, ban daɗe da fara aikin biki da suna ba. Kwanan baya na gyara hotunan wata amarya, na goge mata ƙuraje da baƙaƙen tabo. Da aka wanko hotunan sai danginta suka ce fuskar ta koma kamar roba, ta fi wuyanta haske, kuma zanen fuskar kakarta ya ɓace. Yaya ake cire tabo a hoto, mutum ya fito shi ɗin ne? Da Photoshop nake aiki, wani lokaci da waya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'ar albarka.

Ƙorafi uku aka yi miki, amma tushensu ɗaya ne. Kin bi fuskar gaba ɗaya da gyara, alhali 'yan wurare ƙalilan ne suke bukata. Daga bayaninki na fahimci filtar sulɓi kika sa, ta Photoshop ko ta waya. Ita filta ba ta san ƙurji ba, ba ta san zane ba. Aikinta shi ne ta ɗauki ɗigogin hoton da ke maƙwabtaka da juna ta gauraya su har bambancin da ke tsakaninsu ya dushe. Ƙurji bambanci ne, gaskiya, amma ƙananan ramukan fata ma bambanci ne, zanen kuncin Hajiya ma haka, sai ta kwashe su duka a lokaci guda. Sannan da yawa daga manhajojin kwalliya na waya suna ƙara wa fuska haske ko ba ki nema ba, kuma fuskar kaɗai suke bi, shi ya sa ta rabu da wuya.

Saboda haka kafin ki ɗora hannu a kan maus, ki tsaya ki kalli fuskar ki raba abin da ke kanta. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka daɗe suna bi ita ce: duk abin da zai tafi da kansa nan da mako biyu, a cire shi. Ƙurjin da ya fito wa amarya a jajibirin biki, cizon sauro, hazbiya, yankan reza, leɓen da hunturu ya tsaga, kwallin da hawaye ya zubo da shi, zaren mayafi a kan gira, gashin da ya gitta ido. Waɗannan baƙi ne a fuskar, hoton kuma zai zauna a bango shekara talatin, bai kamata su zauna tare da shi ba.

Abin da ya zauna wa mutum kuwa nasa ne. Tawadar Allah, wushirya, tabon sallah a goshi, furfura, tamojin tsufa, tsohon tabon da aka yi tun yarinta, da zanen gado. Waɗannan ba a taɓa su sai mai su ya buɗe baki ya nema, kuma ko ya nema ki sake tambaya. Maganar zane ta fi damuna a cikin tambayarki, don mu a zango muke aiki. Ki tsaya a ƙofar Babban Masallacin Kumasi ranar Juma'a ki ga fuskokin dattawan da ke fitowa: Hausawa, Mosawa, Dagomba, Zabarmawa, Yarabawa, Fulani, Kotokoli. Da yawansu asalinsu a rubuce yake a kumatunsu, wani bille, wani 'yar baka, wani dogayen layuka daga goshi har haɓa. Yaran yanzu ba kasafai ake yi musu ba. Ke nan hoton da kika ɗauki tsohuwar nan yana iya zama inda jikokin jikokinta za su ga irin askar gidansu. Shi ya sa dangin suka ji zafi, kuma suna da gaskiya. Idan asalin fayil ɗin yana hannunki, ki sake gyara hoton nata, ki wanke da kuɗinki, ki kai mata da kanki ki gaishe ta. Hakan zai gyara miki suna a unguwar fiye da kowace talla.

Akwai rukuni na uku a tsakiya, kuma a nan gwaninta take. Baƙin tabon da ƙuraje ke bari a fatarmu, wanda ke yin watanni kafin ya washe, da ƙurajen aski a haɓar ango, da duhun ƙasan ido, da kyasbi. Waɗannan ragewa ake yi. A bar alamarsu kaɗan, yadda idon wanda ke hira da mutum yake ganinsu. Ido ba ya tsayawa a kan tabo in ana magana da dariya, kyamara ce ke daskarar da shi ta fito da shi fiye da kima. Aikinki ki mayar da shi daidai yadda ido ya saba gani.

Gyaran fuska a hoto bai fara da kwamfuta ba, kuma a ƙasar nan muna da tarihinsa. James Barnor, wanda aka haifa a Accra a 1929, ya buɗe situdiyonsa a Jamestown a farkon shekarun 1950, ya sa masa suna Ever Young. Da fensir ake bin fuska a zamaninsu, ɗigo bayan ɗigo, kuma shi da kansa ya faɗa cewa yakan gyara hoto don mutum ya fito da ƙuruciya. Abin lura shi ne bakin fensir wuri ɗaya yake taɓawa a lokaci guda. Ba shi da hanyar shafe fuska baki ɗaya, don haka fatar takan tsira. Mu ma da muke da kwamfuta, wannan hannun ya kamata mu riƙe.

To, ga aikin. Abu na farko, kada ki taɓa yin gyara a kan asalin hoton. Ki buɗe sabuwar leya, wato shimfiɗa kamar gilashi da ake ɗorawa a yi aiki a kanta, wadda babu komai a kanta, a saman hoton, da Ctrl da Shift da N. Duk abin da za ki goge a kan wannan leya za ki yi shi. A saman allo akwai wurin da za ki gaya wa kayan aikin ya riƙa ɗebo daga leyoyin ƙasa, an rubuta Sample All Layers a wani, Current & Below a wani. Amfanin wannan biyu ne. In kika ɓata wuri, ki share wannan wurin kaɗai, asalin yana nan a ƙasa. In kuma kika gama kika ga gyaran ya yi yawa, ki rage ƙarfin leyar zuwa kashi 70 ko 80 cikin 100, sai ɗan abin da kika goge ya leƙo, fuskar ta dawo ta mutum.

Kayan aiki biyu za ki fi riƙewa. Ɗaya yana da alamar sitam, harafin S ke kiransa. Ɗaya yana da alamar filasta, harafin J ke kiransa. Don ki gane bambancinsu, ki ɗauki fata kamar yadin shadda: akwai saƙa, akwai rini. Sitam yana yanko ƙyalle daga wani wuri ya manna a inda kika nuna, da saƙarsa da rininsa, ko ya dace ko bai dace ba. Filasta kuwa saƙar kaɗai yake ɗaukowa, sannan ya duba launi da hasken da ke kewaye da wurin ya rina facin ya saje. Photoshop ya fito a 1990, kuma shekaru da dama sitam ne abin dogaro. Filasta ya shigo a 2002 tare da Photoshop 7, sannan a 2005 aka ƙaro ƙaninsa mai zaɓar wa kansa inda zai ɗebo, wanda taɓawa ɗaya kawai yake bukata.

Ga ƙurji guda a tsakiyar kunci, mai taɓawa ɗayan nan ya isa. Ki sa girman burushi ya ɗara ƙurjin kaɗan, ki danna sau ɗaya, ki ɗaga hannu. Kada ki ja shi kamar mai fenti, jan ne ke haifar da sulɓi. Ki yi aiki hoton yana kan zum na kashi 100, Ctrl da 1. In kika shige zuwa 300 ko 400, za ki ɓata rabin yini kina goge abin da babu idon da zai gan shi a takarda, kuma za ki daina ganin fuskar a matsayin fuska.

Idan wurin ya ɗan faɗaɗa, ki koma babban filasta, wanda ke ce za ki nuna masa inda zai ɗebo: ki riƙe Alt ki danna kan lafiyayyar fata, sannan ki taɓa tabon. Inda za ki ɗebo shi ne sirrin. Fatar goshi daban, ta hanci daban, ta kunci daban, ta ƙasan ido kuma ta fi duka laushi. Ramukan hanci manya ne, in kika kai su ƙasan ido kowa zai ga wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Ki ɗebo daga kusa, daga inda haske ke faɗowa iri ɗaya, inda kaifin hoton yake daidai da na wurin da kike gyarawa. Kuma ki riƙa sauya wurin ɗiba bayan taɓawa biyu ko uku. Wanda ya lizimci wuri ɗaya yakan bar sawu, ɗigo iri ɗaya yana maimaita kansa a jere. A 2006 irin wannan sawun ne ya tona asirin wani mai ɗaukar hoto da ke aiki da kamfanin dillancin labarai na Reuters, wanda ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut da sitam, mutane suka hango curin hayaƙi iri ɗaya yana maimaituwa. In ido ya gane shi a hayaƙi, a fuska ma zai gane.

Filasta yana da rauni guda da ya kamata ki sani. Tunda daga kewaye yake aro launi, in kika matso kusa da bakin mayafi, ko gefen leɓe, ko layin gashi, sai ya jawo launin can ya dama da na fata, ki ga wani dafi-dafi ja ko baƙi. Amaryarmu kuma ba ta rabuwa da mayafi da ɗankwali da sarƙa, kusan kowane gefe na fuskarta yana jingine da wani launi mai ƙarfi. Mafita biyu ce. Ko ki zagaye wurin da igiyar zaɓe, harafin L, ki bar mayafin a waje, yadda filasta ba zai gan shi ba. Ko ki koma sitam mai laushin baki, ki rage ƙarfinsa, ki bi gefen a hankali.

Ƙasan ido kuwa kada ki share layin da ke wurin. Wannan ɗan kumburin shi ke nuna murmushi ya kai ido, in ya tafi sai mutum ya zama kamar yana hararar kyamara. Ki ɗauki sitam, ƙarfinsa kashi 15 zuwa 20, ki ɗebo daga saman kunci, ki shafa sau biyu ko uku, duhun ya ragu, layin ya zauna.

Yanzu baƙin tabo, wanda shi ne ya fi yawa a fuskokin da muke ɗauka. Fata mai duhu in ta yi ƙurji ta warke, takan tara launi a wurin, sai ya fi kewayensa duhu. Ki lura, a irin wannan wuri saƙar fatar lafiyarta lau, haske ne kawai ya ragu. Don haka babu dalilin yanko wata fata a manna. Abin da ake yi shi ne a haskaka wurin shi kaɗai har ya daidaita da maƙwabtansa. Ki buɗe sabuwar leya, ki cika ta da ruwan toka na kashi 50, ki sauya yanayin haɗuwarta zuwa Soft Light, za ki ga ta ɓace kamar babu ita. Sai ki ɗauki burushi mai laushi, ki sa Flow, wato yawan launin da burushi ke zubarwa a shafa ɗaya, a kan 1 zuwa 3 kawai. Fari yana haskakawa, baƙi yana duhuntawa, harafin X ke sauya su. Ki bi tabon da fari a hankali, shafa kan shafa, ki bi wurin da ya yi fari fiye da kima da baƙi. Wannan hanya tana cin lokaci, ba zan ɓoye miki ba, amma babu ramin fata ko ɗaya da take kashewa. Duk hoton da kika gani a mujalla fatar ta yi kyau kuma kina ganin ramukanta, yawanci wannan aikin aka yi mata.

Dabaru biyu za su taimake ki a nan. Ki ɗora leyar baƙi-da-fari ta wucin gadi a can sama, ki rage hasken launin ja da na rawaya, nan take duk rashin daidaiton fatar zai fito fili, ki yi aikinki, in kin gama ki kashe ta. Na biyu, wurin da kika haskaka wani lokaci yakan koma toka-toka ko ya yi ja. Sai ki buɗe wata leya a yanayin Color, ki ɗebo launin lafiyayyar fata daga gefe, ki shafa sama-sama. Launin zai daidaita, hasken da saƙar ba za su motsa ba.

Na san za ki ci karo da bidiyoyi masu koyar da raba hoto gida biyu, launi a leya ɗaya, saƙa a ɗaya. Hanya ce ta gaske, ga yadda take. Ki kwafi hoton sau biyu da Ctrl da J. Leyar ƙasa ki sa mata Gaussian Blur, wato filtar dusar da hoto, ki riƙa ƙarawa har ramukan fata su ɓace amma siffar hanci da kunci tana nan. Ta sama ki shiga Apply Image, ki zaɓi leyar da kika dusar, ki sa Subtract, Scale 2, Offset 128, in hoton mai bit 8 ne, wato zurfin launi irin na JPEG. Sannan ki mayar da ita Linear Light. In kin yi daidai, hoton zai koma tamkar ba a taɓa shi ba, wannan ce shaidar. Daga nan kina iya goge gashi ko ƙurji a leyar sama ba tare da launi ya dame ba, ko ki daidaita launi a ta ƙasa ba tare da saƙa ta lalace ba. Tana da amfani sosai wajen gashin da ya kwanta a goshi, da hodar da ta taru a gefen hanci, har da tattarewar yadi.

Amma ni ban so ki fara da ita ba. Mafi yawan fuskokin roba da ake liƙawa a allunan talla daga nan suke fitowa. Mutum ya zagaye kunci gaba ɗaya a leyar ƙasa ya dusar da shi, ramukan suna nan a sama, sai ya ɗauka ya tsira. Alhali ya kashe inuwar da ke nuna tudun kunci da karan hanci da ƙashin haɓa, kuma wannan inuwar ce kamannin mutum. Uwa tana gane 'yarta daga nesa da wannan inuwar, tun kafin ta ga ido ko baki. Ki ƙware a filasta da burushin haske tukuna, ki shafe wata biyu ko uku a kansu, sannan ki zo nan.

Sai maiƙo. Zafin Kumasi da cunkoson gidan biki da filasha, dole goshi da hanci su yi ƙyalli. A fata mai duhu wannan ƙyallin shi ke fito da siffar fuska, in kika kashe shi duka sai fuskar ta baje. Ki rage shi da sitam mai rauni a yanayin Darken, ki bar kamar rabinsa. Kuma ki sani, in wurin ya ƙone fari fat har ya kai 255, wato ƙarshen ma'aunin haske a hoto mai bit 8, babu sauran bayanin fata a ƙarƙashinsa, sai dai faci. Maganinsa tun wajen ɗauka ne. Ki riƙe tishu a jaka ki miƙa wa ƙawar amarya ta dandanna mata goshi, ki juya kan filasha ya bugi silin ko farin bango, ko ki fito da su inuwar baranda da la'asar. Minti ɗaya a can yana rage miki rabin awa a gaban kwamfuta. In kyamararki tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ki yi amfani da shi a hotunan ango da amarya, domin yana riƙe bit 12 ko 14, yana da sararin dawo da haske da duhu wanda JPEG ba shi da shi.

Batun fuskar da ta fi wuya haske yana bukatar mu yi magana ta gaskiya. Akwai gyaran haske, akwai sauya launi. Amarya ta sha farin leshi, farin ya ruɗi ma'aunin kyamara ta rage haske, fuskar ta fito da duhun da ba nata ba. Ɗaga hasken wannan hoton gyara ne, kuma alamarsa ita ce komai ya tashi tare, fuska da wuya da kunne da hannun lalle. Sauya launi kuwa shi ne a zaɓi fata a kai ta inda Allah bai ajiye ta ba. Kayan hoto sun daɗe ba su yi wa baƙar fata adalci ba. Shekaru da yawa katin da kamfanin fim ɗin hoto na Kodak ke raba wa wuraren wankin hoto don daidaita launi hoton farar mace ne a kai, sai a 1995 aka fito da mai ɗauke da mata masu launi daban-daban. A nan gida kuma, hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da mayukan bilicin masu sinadarin haidirokwinon tun 2016 saboda illarsu. Ni ina ganin bai dace abin da aka hana a kwalba mu dawo da shi ta maus ba. Yarinyar da ta ga an haskaka ta a hoton aurenta, an gaya mata ke nan launinta bai isa ba, ko ba a furta ba. In wata ta nemi ki haskaka ta, ki nuna mata hoton da aka daidaita haskensa da kyau tukuna. Sau da yawa abin da take gudu shi ne ta fito dushe-dushe, in ta ga fatarta tana sheƙi da launinta sai ta amince.

Don ki tsare kanki, kada ki dogara da ido kaɗai, ido yana sabawa da kuskure cikin minti kaɗan. Kafin ki fara, ki dasa ma'aunin launi a wuri uku, goshi da kunci da wuya, ki buɗe akwatin Info ki rubuta lambobin. In kin gama ki sake dubawa. Tazarar da ke tsakanin fuska da wuya kada ta faɗaɗa. A fatar ɗan Adam, kowane launi ne, ja ke gaba, kore na bin sa, shuɗi na ƙarshe. In shuɗi ya matso kusa da ja, fatar za ta yi toka kamar an fito daga hazo. Haka kuma ki lura da allonki. Laftof in an ɗauke wuta ta koma kan batir takan rage hasken allo da kanta, sai ki ga hoton ya yi duhu ki yi ta ƙara masa haske, washegari ki tarar kin wuce gona da iri. Ki tsayar da hasken allo a wuri ɗaya, ki daina gyaran launi in rana na dukan allon. Kuma lokaci-lokaci ki kashe leyoyin gyaran duka ki kunna, ki ga tafiyar da kika yi daga asali.

Wani tabon ma ba na mutum ba ne. In kika ga ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto, musamman a sararin sama ko farin bango, ƙurar hunturu ce ta shiga kan sensar kyamara lokacin sauya lens, kuma ta fi bayyana in kin ƙuntata ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom ki goge shi a hoto ɗaya ki kwafa gyaran zuwa sauran, sannan ki kai kyamarar a share.

A waya, abu na farko ki shiga kyamarar ki kashe kwalliyar fuska, domin wayoyi da yawa da ita suke zuwa a kunne, kuma abin da ta goge tun wajen ɗauka ba ya dawowa. Snapseed kyauta ne, yana da kayan goge tabo mai kyau, sharaɗin shi ne ki buɗe hoton da yatsu biyu sosai har ƙurjin ya kai girman kan yatsa, sannan ki taɓa sau ɗaya. In kuɗin Photoshop na wata-wata ya yi miki nauyi, GIMP kyauta ne kuma yana da sitam da filasta, Photopea kuma a cikin burauza yake aiki, fasalinsa kusan ɗaya da Photoshop. Sabbin kayan nan masu ƙirƙirarriyar basira, irin Generative Fill da ya shigo a 2023, suna da kyau wajen cire wayar lantarki ko robar ruwa daga bayan mutane. A fuska kuwa ki yi hattara, domin ƙirƙiro sabuwar fata suke yi daga abin da suka koya a fuskokin wasu, suna iya sauya gira ko gefen hanci ba ki lura ba.

Ba kowane hoton biki ake yi wa wannan aiki ba. Ki daidaita haske da launi a duka, sannan ki ware waɗanda za su shiga albam da firam ki zauna a kansu, ki kuma faɗi haka tun wajen ciniki. Ki adana aikinki a PSD, wato fayil ɗin Photoshop, da leyoyinsa, ki fitar da JPEG sau ɗaya a ƙarshe, a tsarin launi na sRGB, domin duk lokacin da aka sake adana JPEG yana zubar da wani abu. In za ki tura wa masu wankin hoto a unguwar Adum ta WhatsApp, ki tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi, saƙar fatar da kika sha wahalar tsarewa ta tafi a hanya. Hoto mai inci 4 da 6 yana son fiksel 1200 da 1800. Kafin ki ba da umarnin babban firam, ki wanke ƙarami ɗaya ki duba shi a hasken rana.

Akwai hotunan da ba a taɓa su ko kaɗan. Za a zo miki da neman hoton biza ko na wata takardar hukuma, wani ya ce ki ɗan cire masa ƙurji. Ki ba shi haƙuri. Amurka, wadda hoton bizarta inci 2 da 2 ne, ta rubuta ƙarara cewa ba a yarda a sauya hoto da kwamfuta ko filta ba, Birtaniya ma haka take a hoton fasfo. Na'ura ce ke gwada fuskar da ke takarda da wadda ke tsaye a gabanta, jami'i kuma yana duba tabo da zane a matsayin shaida. In an gane an taɓa hoton za a iya mayar da takardun, mutum ya yi asarar kuɗi da lokaci. A irin wannan ki gyara fitilarki, ki ba shi tishu ya share goshi, ki ɗauka, ki yanka daidai ma'auni, ki miƙa masa.